Uwa Ba Ta Da Takarda, Shin Ɗanta Zai Samu Inshorar Lafiya A Amurka?

Wajen ƙarfe biyun dare aka shigo da shi, yaro ɗan shekara shida, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana busa usur. Asma ce ta tashi. Mahaifiyarsa na riƙe da abin shaƙa a hannu, na karɓa na duba, sai na ga sunan da ke jiki ba nasa ba ne, na ɗan maƙwabciya ne, kuma ya ƙare ƙaf. Da na ji irin salatin da take yi ƙasa-ƙasa na gane tamu ce, na ce mata, "Sannu Yaya, ya mai jiki?" Ta ɗago da sauri ta dube ni.

Bayan numfashin yaron ya daidaita na tambaye ta ko yana da inshora. Ta ce, "Ƙanwata, ina ni ina inshora? Ni da ba ni da takarda." Na ce ba ita na tambaya ba, yaron nake nufi. Ashe fasfo ɗin Amurka gare shi, tun yana jariri aka yi masa. An taɓa sa shi a inshora bayan haihuwa, ta yanke, ita kuma tsoro ya hana ta komawa ta tambaya. Shekara biyar ana rainon asma da maganin aro.

A aikina na jinya a nan New York na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, shi ya sa na ce bari in rubuto, domin iyaye mata da ke nan da kuma na gida masu 'yan'uwa a nan.

Abu na farko da ya kamata ki riƙe: a ƙasar nan ba a yanke wa gida hukunci ɗaya. Kowane mutum matsayinsa ake dubawa shi kaɗai. Sai ki samu gida guda, maigida na da katin zama na dindindin, wato girin kad, uwargida bizarta ta ƙare, babban ɗa an haife shi a Kumasi ko Maraɗi, ƙananan biyu 'yan ƙasa ne. Mutum biyar, kowa da layin da zai bi. Yaron da yake ɗan ƙasa yana da haƙƙin shiga Medicaid ko CHIP kamar ɗan kowa, in dai kuɗin shigar gidan bai wuce iyakar da jihar ta sa ba. Rashin takardar uwa ba ya hana shi. Medicaid tsarin gwamnati ne na masu ƙaramin ƙarfi tun 1965, shi kuma CHIP an kafa shi a 1997 domin yaran da iyayensu suka ɗan fi ƙarfin Medicaid amma ba za su iya sayen inshorar kamfani ba.

Masu girin kad su ne ake yawan ruɗawa. Wata doka ta 1996 ta ce mafi yawansu sai sun yi shekara biyar kafin su shiga Medicaid da kuɗin tarayya. Amma a 2009 aka ba jihohi zaɓin cire wannan jiran ga yara da mata masu juna biyu da ke zaune bisa ƙa'ida, kuma jihohi da yawa sun cire. Don haka in wata ta ce miki "sai kin shekara biyar," tambaye ta a wace jiha take, kuma wa take nufi, babba ko yaro? New York ta wuce nan ma. Shirinta na Child Health Plus yana ɗaukar duk yaron da bai kai shekara 19 ba, ko yana da takarda ko babu, kuma mai ciki tana samun Medicaid ba tare da an duba matsayinta ba. Ba haka abin yake a Texas ba, inda mai cikin da ba ta da takarda ke samun awo ne ta wani sashe na CHIP da aka yi da sunan ɗan da ke cikinta. Shawarar ƙawarki ta wata jiha tana iya zama gaskiya a can, ta zama kuskure a wurinki.

Naƙuda kuwa, kada wadda ta zauna a gida saboda kuɗi. Tun 1986 doka ta wajabta wa sashen gaggawa ya duba duk wanda ya zo, ya ceto shi, ko yana da kuɗi ko babu, kuma haihuwa na ciki. Akwai Medicaid na gaggawa da ke biyan kuɗin haihuwar mai ƙaramin ƙarfi ko da ba ta da takarda, kuma jaririn da aka haifa a ƙarƙashinsa yana da inshora har ya cika shekara. A nan ne da yawa ke faɗuwa, kamar yadda Yayar nan tawa ta faɗa: shekarar na cika sai a sabunta, ba a sabunta ba sai ta yanke.

Yanzu mu zo kan tsoron, don ba zan ce miki ba shi da tushe ba. A ƙa'ida, uwar da ke nema wa ɗanta kaɗai ba dole ba ne ta faɗi matsayinta na zama ko ta ba da lambar soshiyal ɗinta. A fom ɗin za ki nuna cewa ke ba kya nema wa kanki, za a tambayi kuɗin shigar gida da yawan mutanen gidan. Sai dai a 2025 labari ya fito cewa an miƙa wa hukumar shige da fice wasu bayanan masu Medicaid, jihohi da dama har suka kai ƙara kotu. Ga kuma ƙa'idar nan ta zama nauyi a kan gwamnati, wadda ake dubawa wajen ba da girin kad. An tsaurara ta a 2019, aka sassauta a 2022 aka ce ba a lissafa wa uwa tallafin da ɗanta ya karɓa, sannan a ƙarshen 2025 gwamnati ta fito da shirin soke sassaucin. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ma ta tanadi cire 'yan gudun hijira da masu mafakar siyasa daga Medicaid na tarayya daga watan Oktoba na 2026.

To me za ki yi? A ganina, in kina da magana a gaban hukumar shige da fice, ki zauna da lauyan wannan fannin kafin ki cike wa kanki komai. Akwai ƙungiyoyin da ke ba da shawara kyauta. Amma ki janye yaro mai asma ko sikila daga inshora saboda saƙon murya da aka turo a WhatsApp, wannan kam ban yarda da shi ba. Na ga abin da hakan ke jawowa da tsakar dare. Abu biyu ne zan ce kada ki kuskura: rubuta ƙarya a fom, da zuwa asibiti da katin wata. Bayan laifi ne, rukunin jininta da magungunanta ne likita zai gani a fayil, ba naki ba.

Wajen yin rajista, Medicaid da CHIP ba su da lokaci, ko yau kina iya nema. Inshorar da ake saya a kasuwar gwamnati, ta HealthCare.gov ko NY State of Health, ita ce ke buɗe ƙofa ranar 1 ga Nuwamba ta rufe bayan 'yan makonni, sai dai in an yi haihuwa ko aikin maigida ya tsaya inshorar ta yanke, to akwai kwana 60 na shiga. Masu zama bisa ƙa'ida ne ke iya saya a can. Ki tanadi takardun albashi na kwanan nan, shaidar adireshi, da takardar haihuwa ko fasfon yaron. Masu taya cike fom da gwamnati ta amince da su ba sa karɓar ko sisi, duk wanda ya ce ki kawo dala ɗari ya "shigar da ke," ki kama gabanki. Ki nemi tafinta na Hausa, kyauta ne, kada ki sa 'yarki mai shekara goma ta fassara miki maganar kuɗi da ciwo. Babbar da ba ta cancanci komai ba ma tana da wurin zuwa: cibiyoyin lafiya na unguwa suna karɓar kuɗi daidai ƙarfin mutum, a birnin New York kuma akwai NYC Care, wanda aka fara a Bronx a 2019.

Ku na gida, ga taku. In Allah ya sa Hajiya ta samu biza za ta zo wankan jego, baƙuwa ce a idon doka, Medicaid na yau da kullum ba zai ɗauke ta ba. A saya mata inshorar tafiya tun kafin ta hau jirgi, a kuma karanta da kyau, don da yawa ba sa biyan ciwon da mutum ya zo da shi, irin hawan jini da suga. Ta taho da isasshen magani da takardar likitanta.

Ita kuwa Yayar tawa, kafin a sallame su da safe ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta asibitin ta zauna da ita, suka cike fom ɗin yaron, ta tafi da abin shaƙa mai ɗauke da sunansa. Na roƙe ta abu ɗaya: duk ambulan da ya zo daga jiha ta buɗe shi a ranar, in Turancin ya yi mata yawa ta ɗauki hotonsa ta tura wa wadda za ta karanta mata, in kuma sun tashi daga gidan ta kira ta sauya adireshi. Lokacin da aka dawo da sabunta Medicaid a 2023 bayan korona, miliyoyin mutane ne suka fita daga tsarin, mafi yawansu ba don an gano ba su cancanta ba, sai don takardar sabuntawa ba ta koma ba.