Kafin Ka Buɗe Ƙofar Motar Bakin Titi a Abuja

Wanda ba shi da mota a Abuja yakan riga ladan tashi. Tsadar haya ta kori yawancin ma'aikata, masu gadi da ƙananan 'yan kasuwa zuwa Nyanya, Kubwa da Lugbe, wasu har Mararaba ta jihar Nasarawa ko Suleja ta jihar Neja, kuma kullum sai sun shigo gari sun koma. Tun 2006 aka hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birnin. A 2013 aka kori ƙananan bas ɗin nan da ake kira araba, da alkawarin manyan motoci za su maye gurbinsu, amma har yau ba su wadatar ba. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sai ma'aikaci mai motar kansa ma ya fara ɗibar fasinja don ya rage kuɗin mai. Yanzu ido ba ya raba maka mutumin kirki da ɓarawo, domin dukansu motar gida suke ja, babu fenti babu lamba a jiki.

Nan 'yan wan-cans suka sami wurin kiwo. Sunan ya fito ne daga kiran da kwandasta ke yi idan saura mutum ɗaya mota ta cika, kuma dabarar ke nan. Ka gaji, magariba ta yi, hadari ya haɗo, sai ga mota da mutum uku a ciki, har da mace a gaba don hankalinka ya kwanta. Duk bakinsu ɗaya. Ana barin cikin jama'a sai a ɗaga gilashi, a kulle ƙofa, a fito da wuƙa ko bindiga. Su karɓe waya da katin banki, su tilasta maka faɗin lambar sirri, su kwashe kuɗin da na'urar POS da suke yawo da ita. Wani sai sun sa shi ya kira 'yan uwansa a turo ƙari. Mafi muni, sukan wurgo mutum mota tana gudu.

Wasu kuma ba makami, sai baki. Direba ya ɓarke da faɗa da wani fasinja wai ya ga daloli a jakarsa a but, sauran su sa baki a raba da kai. Kana jin wannan hira ka ce za ka sauka.

Na san tasha tana cin lokaci, 'yan kamasho kuma ba su iya magana ba. Duk da haka can ɗin ka je, domin direban da ya yi lodi a tasha an san shi, an san motarsa. Idan dole ce ta sa ka tsaya a titi, nemi tasi mai koren fenti, ka guji mai baƙin gilashi. Ka karanta lambar mota ka tura wa na gida. Kada ka yarda wani ya fito ya tura ka tsakiya. Zauna bakin ƙofa, ka gwada ta buɗu daga ciki kafin a tashi. Katin asusun da albashinka ke shiga, bar shi a gida.

In ƙaddara ta afka, kada ka yi kokawa da mai makami a kan waya. Kana kuɓuta ka ari waya ka kira 112, ka sa banki ya rufe asusunka, sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda.

Mu kuma da ke wucewa, idan muka ga an yar da mutum a gefen titi, mu daina tsayawa ɗaukar hoto, mu kai shi asibiti mafi kusa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin duba wanda ke buƙatar taimakon gaggawa.