Shin Ko Kun San? Makafin da Suka Ga Duniyarmu

Shin ko kun san baitocin da makafi ke rerawa ranar kasuwa, daga Toranke zuwa Ajingi har cikin garin Gaya, da yawansu suna da mai su? Ku tuna yadda abin yake: makaho ya dafa kafaɗar ɗan jagora, ƙoƙo a hannu, yana jan baiti abokin tafiyarsa na karɓa masa, mai tumatir ta tsaya da awo har sai ya kai ƙarshe. Sau da yawa Imfiraji ce kuke ji, ta Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, wanda aka haifa a 1894, ya rasu a 1990.

Ko kun san shi ma makaho ne tun yana ƙaramin yaro? A ka yake tsara waƙa, ya riƙe ta, wasu su rubuta. A haka aka samu Imfiraji, kamfanin NNPC na Zariya ya buga kashi 9 nata, aka karanta ta a makarantu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Akwai begen Manzon Allah a cikinta, akwai tunatarwa kan mutuwa da kwanciyar kabari, akwai kuma hoton halayenmu na yau da kullum, irin wanda idan ka ji sai ka tsargu. Abin da ke taɓa ni shi ne, mutumin da bai ga fuskokin mutane ba ya san su ciki da bai, domin kunnensa na nan a zaure da kasuwa da bakin masallaci. Har keke, lokacin yana sabon abu a ƙasar Hausa, sai da ya yi wa waƙa.

Shin kun san a Kano akwai Unguwar Makafi, kuma makafi suna da sarkinsu, haka ma guragu da kutare? Tsari ne na tun kaka da kakanni, ba wanda ya kawo mana shi daga waje.

A zamaninmu kuwa ga Malam Yahaya Makaho na Kaduna. Baƙon dauro ne ya tafi da idanunsa yana ƙarami, ya ɗanɗani bara, daga baya ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa. Shaye-shayen matasa, cin hanci da rashawa, da ita kanta barar, duk ya yi waƙa a kansu. Sunan da ake kiransa da shi a titi ya ɗauka ya mayar na sana'a.

Ko kun san a Amurka ma akwai irinsu, har da waɗanda lalurarsu ba ta ido ba ce? Horace Pippin baƙar fata ne da aka harba a kafaɗar dama a Faransa a 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, hannun ya raunana. Idan zai yi zane sai ya riƙe alƙalamin fenti da daman, ya tallafe wuyan hannun da hagu, ya riƙa turawa a hankali. Da wannan hannu ya zana iyali zaune a ɗaki suna wasan domino, tsohuwa na ɗinki a gefe, ya kuma zana ranar da aka kai John Brown, mai yaƙi da bautar da mutane, wurin rataya. A 1943 ya yi wani zane kan wariyar launin fata, ana tsakiyar yaƙi na biyu. Ya rasu a 1946.

Shi kuma Stevie Wonder, makahon mawaƙi, a 1980 ya fitar da waƙar neman a ware ranar hutu don tunawa da Martin Luther King. A 1983 shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar, aka fara hutun a 1986.

Nan kusa da mu, Amadou da Mariam na ƙasar Mali a makarantar makafi ta Bamako suka haɗu, suka yi aure, suka zaga duniya da waƙa. Amadou ya rasu a watan Afrilun 2025.

Shin kun san tun watan Janairun 2019 Najeriya ke da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya? Ta ba gine-ginen gwamnati da na jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, yadda mai keken guragu da mai sanda za su wuce ba sai an ɗauke su ba. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Ku duba ƙofar asibiti ko makarantar da ke kusa da ku.