Zagayen Tsofaffin Biranen Andalus Cikin Motar Safa

Kowace shekara dubban baƙi kan haɗu ƙungiya-ƙungiya, su shiga motar safa tare da ɗan jagora, su zaga kudancin ƙasar Sifen, inda Musulmi suka yi mulki daga shekarar 711 zuwa 1492.

Akan yada zango a Kurɗuba. Nan ne babban masallacin da Sarki Abdurrahman na Ɗaya ya kafa harsashinsa wajen shekarar 785, mai ginshiƙai fiye da 850. Da Kiristoci suka ci birnin cikin 1236 sai aka mayar da shi majami'a, har yau kuwa ba a yarda a yi salla a ciki ba. A wannan birni aka haifi Alfazazi, mai Ishiriniyar da ake rerawa a ƙasar Hausa.

Daga nan sai Ishbiliya, inda hasumiyar da aka gama cikin 1198 take tsaye, amma ƙararrawa ce a kanta yanzu.

Zango na ƙarshe shi ne Garnaɗa, garin Alƙali Ibn Asim mai littafin Tuhfa da alƙalanmu suka sani. Fadar Alhambra tana bisa tudu, da lambuna da maɓuɓɓugan ruwa. Wanda bai yanki tikiti tun da wuri ba, sai ya tsaya a ƙofa. Ran 2 ga Janairu 1492 sarkinta na ƙarshe ya miƙa mabuɗan birnin, bayan rigimar sarauta tsakaninsa da ubansa da baffansa ta raunana ƙasar. Dā ma an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.