Allon Madannai da Lafiyar Hannun Akawu

Daga Bichi zuwa Dambatta, a ƙasar da gona ke haɗe da gona, ba da fartanya kaɗai ake neman abinci ba. A sakatariyar ƙaramar hukuma, da ofishin makarantar sakandare, da 'yan shagunan buga takardu na bakin tasha, akwai masu wuni suna danna haruffa. Aikin ya ƙaru tun daga 2015, sa'ad da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Kukan da yawansu ke yi ɗaya ne, wato tsamin wuyan hannu da mutuwar yatsu cikin dare.

Dalilin yana cikin halittar hannun. A wuyan hannu akwai wata 'yar ƙuntatacciyar hanya wadda jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke bi, tare da jijiya guda mai kai saƙon ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya. Idan aka daɗe da hannu a karye, ko sama ko gefe, sai matsi ya ƙaru a kan wannan jijiya. Allon madannai na yau da kullum, wanda ya gaji jerin haruffansa daga tafiretar da kamfanin Remington na Amurka ya fara sayarwa a 1874, yakan tilasta wa hannuwa su matsu wuri guda su karkace.

A nan ne masu saye kan ruɗe, domin abu biyu ne ake cakuɗawa. Allo mai sifirin shi ne wanda kowane madanni ke da maɓallinsa. A samfurin Cherry MX na Jamus, harafi kan fita bayan madanni ya nutse milimita 2 cikin 4 ɗin da yake da su, saboda haka ba sai an doka shi har ƙasa ba, saɓanin mai shimfiɗar roba. Kamfanonin Sin irin su Gateron da Outemu sun kwaikwaye shi, farashi ya sauko. Sai dai kuma sifirin ba ya miƙe wuyan hannu. Wannan aikin allo mai rabe biyu ne, irin wanda Microsoft ta fitar a 1994, kuma shi ɗin roba ce a cikinsa. Wanda ya haɗa siffofin biyu yana da tsada, da wuya albashin akawu ya ɗauke shi.

To, wanne za a zaɓa? Mai fama da ciwo ya fi buƙatar mai rabe biyu, ko da na hannu ne daga shagunan titin Beirut a Kano. Mai sifirin kuwa ribarsa ƙarko: ana cire hulunan madannai a kakkaɓe ƙurar hunturu, maɓalli ɗaya in ya mutu a canza shi kaɗai. Kada a biya kuɗin fitilu masu launi, ado ne kawai. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ma ba sa buƙatar allo na musamman, don akwai tsarin Hausa cikin Windows.

Kafin a hau motar Kano, ya kamata a fara duba teburin. Galibin teburan ofis don rubutun biro aka ƙera su, sun yi wa mai bugu tsayi. Kafinta na iya rage ƙafafun har gwiwar hannu ta yi daidai da allon, sannan a kwantar da 'yan ƙafafun nan biyu na bayansa, waɗanda ke ƙara karya wuyan hannu sama.