Maganin Jalinus ba ya kashe dafin kububuwa

Wani dogon saƙo yana yawo a WhatsApp kan manyan mutanen daular Rum, har ya iso zauren danginmu. Wanda ya haɗa shi ya cakuɗa gaskiya da ƙarya, sannan ya manna lambar waya a ƙasa don masu son sayen magani.

Batun dokin sarki Caligula da saƙon ya ce wai an naɗa sanata, marubuci Suetonius cewa kawai ya yi an ce sarkin ya yi niyyar ba shi muƙami. Wasiƙun Seneca da Bulus kuwa na jabu ne. Amma gaskiya ne Pliny babba ya mutu a aman wutar dutsen Vesuvius a shekara ta 79.

Abin da ya dame ni shi ne "tiryaƙin Jalinus", wanda aka ce yana warkar da saran maciji ba sai an je asibiti ba. Maganin dai ya wanzu. Andromachus, likitan sarki Nero, ya haɗa shi da abubuwa sama da 60, ciki har da naman maciji da ofiyam. Likita Jalinus ya riƙa haɗa wa sarki Marcus Aurelius, ya kuma rubuta cewa yakan sa sarkin gyangyaɗi, in an cire ofiyam ɗin barci ya gagare shi. Wannan shaida ce ta maganin da ke kwantar da jiki, babu hujjar cewa yana karya dafi. Tun a 1745 likita William Heberden na Ingila ya yi rubutu yana nuna rashin amfaninsa.

Ban ga laifin manomin da ya yarda ba. Asibiti da nisa, allura da tsada, kuma ya san wanda ya sha jiƙo ya tashi. Sai dai maciji kan yi sara wani lokaci bai zuba dafi ba, jiƙon ya kwashe yabo. Dafin kububuwa kuwa hana jini daskarewa yake yi. Mutum na zaune yana hira, can sai jini ya fara tsattsafowa daga dasashi.

Allurar kashe dafi ce ke tsayar da wannan, irin wadda ake yi wa mutane a asibitin Kaltungo. Mai tura saƙon nan ana tsakiyar damina, mutane na cikin gona, ya san da haka ko bai sani ba, yana jinkirta tafiyar wani asibiti ne. In saƙon ya zo wayarka, kada ka tura shi gaba.