Gawayin Salkadamna: tambayoyin magidanta kafin a soma haƙa

Ƴan uwa magidanta da iyaye mata, duk wanda ya kwana a Tawa ko Ƙonni ko Maraɗi cikin watan Agusta na 2023 ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar wutar lantarki. A watan ne Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, alhali kuwa wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar take sha a lokacin daga can take fitowa. Masu injin niƙa suka zauna, mai sayar da ƙanƙara ya tafka asara, yara suka yi karatun dare da fitilar hannu. Sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita. Tun daga nan maganar gawayin Salkadamna ta sake tasowa.

Salkadamna na cikin ƙaramar hukumar Takanamat, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da birnin Tawa. A 2014 Shugaba Mahamadou Issoufou ya aza harsashin aikin. Tsarin da aka bayyana a lokacin ya haɗa da mahaƙar gawayi, da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 600, da manyan layukan kai wuta birane, da masana'antar gawayin girki domin a rage saran itace. Shekaru suka shuɗe bayan bikin ba a ga tasha ta tashi ba. Wannan jinkiri ya ba mu damar yin tambaya tun ƙasa ba ta buɗe ba, domin tun ran gini ran zane.

Gona da burtali

Abu na farko da ke hana magidanci barci shi ne ƙasa. Mahaƙar gawayi ta sarari ba rami ɗaya ba ce kamar rijiya. Kwashe ƙasar sama ake yi gaba ɗaya, a tara ta tsibi-tsibi, a bi gawayin ana faɗaɗa ramin shekara da shekaru. Gonar da aikin ya ci ba za a sake shuka hatsi cikinta ba a zamanin mai ita. A Adar kuwa, inda samari ke tafiya ci-rani da zarar an gama girbi, gona ce ke maido da su gida da damina. Wanda aka ba kuɗi aka karɓe gonarsa, kuɗin na iya ƙarewa cikin shekara biyu, ya wayi gari ba na hannu ba na gado.

Makiyaya sun fi shiga tsaka mai wuya. Manomi na iya nuna iyakar gonarsa, amma Bafulatani ko Buzu da ke bi da dabbobinsa ta burtali ya shayar a tabki ba shi da takardar da zai ɗaga. Idan waya ta zagaye wurin, shanu za su nemi wata hanya, hanyar kuwa sau da yawa cikin gonar wani take bi. Haka rikici ke tashi tsakanin maƙwabta biyu waɗanda babu wanda ya jawo aikin a cikinsu. Akwai kuma maƙabarta da masallatai da makarantun allo, waɗanda ba a auna su da mudu.

Ruwa da iska

Tashar gawayi tururi take aiki da shi: a ƙona gawayi, a tafasa ruwa, tururin ya juya inji, sannan a sanyaya shi. Kowane mataki na cin ruwa, a yankin da mata ke kwana bakin rijiya da bazara. Saboda haka wajibi ne a gaya mana daga ina za a ɗebo ruwan, nawa za a ɗeba a rana, kuma wa zai haƙa wa gari wata rijiya idan tasa ta ja baya.

Iska ma haka. Gawayin da aka ƙona yana barin toka mai yawa, yana fitar da hayaƙi mai sinadarin farar wuta da ƙura mai laushi wadda ke shiga har cikin huhu. Yara ƙanana da tsofaffi da masu ciwon fuka su ne ke fara jin jiki. Akwai na'urorin tace hayaƙi, akwai hanyar adana toka ba tare da iskar hunturu ta kwashe ta zuwa gidaje ba, sai dai suna da tsada, kuma abu mai tsada shi ake fara yankewa idan babu mai sa ido.

Abin da arewa ta koya mana

Ba yau Nijar ta fara haƙar gawayi ba. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975, tasharsa ta Anu Araren kusa da Cirozerin ta soma aiki a farkon shekarun 1980, ta ba mahaƙan yuraniyom da birnin Agadas wuta. Ƙarfinta bai kai megawat 40 ba. Ke nan abin da aka tsara wa Salkadamna a 2014 ya ninka ta fiye da sau 15. Mai hankali zai auna toka da ruwan da ke tafe da irin wannan girma.

Arlit kuma ta koya mana tambayar da ake mantawa ranar biki: yaya za a bar wurin idan aiki ya ƙare? Kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akuta ranar 31 ga Maris na 2021, bayan fiye da shekara 40 yana haƙa, aka bar wajen tan miliyan 20 na tarkacen yuraniyom kusa da gari, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi. Gawayi ba yuraniyom ba ne, amma darasin ɗaya ne: ma'adini yana ƙarewa, mutanen gari suna nan.

Abin da doka ta ba mu

Ba da hannu wofi talaka ke zuwa wannan zama ba. Dokar ƙasar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gona ta hanyar gado da al'ada, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Cofo, daga ƙauye har gunduma, inda ake samun takardar shaidar gona. Dokar 1961 kan karɓar fili domin amfanin jama'a, wadda aka gyara a 2008, ta ce a biya diyya ta adalci kafin a karɓa, a kuma tsara matsugunin waɗanda za a tayar. Dokar kiwo ta 2010 ta amince da yawon makiyaya a matsayin haƙƙi. Dokar 2018 ta wajabta binciken illar babban aiki ga muhalli da jama'a, tare da jin ta bakin mazauna, ƙarƙashin kulawar ofishin BNEE. Tun 2006 kuma dokar ma'adinai ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu.

Doka a takarda ba ta tashi ta kare kowa sai an ɗauke ta. Shawararmu ga kowane gida ita ce a nemi takardar gona tun yanzu, a rubuta rabon gado har da na mata da marayu, domin su ake fara tsallakewa ranar ƙidaya. Idan an kira taron jin ra'ayi, a je, a nemi a yi bayani da Hausa da Tamajak da Fulatanci, a bar mata su yi magana, su da suka san zurfin rijiya. Alkawarin asibiti ko makaranta ko ɗaukar samari aiki, a sa shi a rubuce da ranar cikawa. Kada wani ya dangwala yatsa kan takardar da ba a karanta masa ba. Ƴaƴanmu da suka yi boko suna Yamai ko ƙasashen waje, wannan ce ranar da gida ke bukatar iliminsu.

Muna son wuta, muna son a bar gawo da aduwa su huta da gatari. Abin da muke roƙo shi ne kada ƙauyen da ya ba da gonarsa ya zauna cikin duhu yana kallon waya ta ratsa bisa kansa zuwa birni. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba mu haɗin kai.