Cin Zali Tsakanin Ma'aikatan Jinya: Illarsa Ga Ma'aikaci Da Majiyyaci

Aikin jinya aiki ne na haɗin gwiwa. Majiyyaci guda yakan bi ta hannun ma'aikatan jinya da dama a kwana ɗaya: masu aikin safe su miƙa shi ga na yamma, na yamma su miƙa shi ga na dare. Saboda haka duk abin da ya ɓata tsakaninsu, a kan majiyyaci yake ƙarewa. Daga cikin irin waɗannan abubuwa akwai cin zali.

Mene Ne Cin Zali?

Abin nufi shi ne a riƙa muzguna wa ma'aikaci a kai a kai, har ya rasa yadda zai kare kansa. Misali, a riƙa yi wa sabuwar nas tsawa a gaban majiyyata, ko a ɗora mata aikin dare fiye da na sauran, ko a ɓoye mata bayani lokacin miƙa aiki, ko a ƙaurace mata. Gyaran da babba yake yi wa ƙarami cikin mutunci, wannan horo ne, wajibi ne kuwa. Bambancin yana ga manufa: mai horo yana son aiki ya gyaru, mai cin zali yana son mutum ya ƙasƙanta.

Illarsa

Wadda ake tsangwama takan yi fama da rashin barci da faɗuwar gaba da baƙin ciki. Sannu a hankali sai aikin ya fita daga ranta, ta fara yawan fashi, daga nan ta nemi canjin ɗaki, ko ta bar aikin, ko ta tafi ƙasar waje. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duniya tana da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9. Ke nan duk wadda aka kora da wulaƙanci, hasara ce mai wuyar mayarwa, kuma nauyinta yana komawa kan waɗanda suka rage.

Majiyyaci ma ba ya tsira. Nas ɗin da take tsoron a yi mata dizgi ba za ta tambayi adadin maganin da take shakka a kansa ba, haka kuma ba za ta faɗi kuskure da wuri ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abin Da Doka Ta Tanada

A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da Yarjejeniya mai lamba 190, wadda ta tabbatar da haƙƙin kowa na yin aiki ba tare da cin zarafi ba, Nijeriya kuwa ta amince da ita a 2022. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda Doka mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, tana da ikon ladabtar da wanda ya saɓa wa ɗa'ar aikin. Har ila yau, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraren ƙararraki a kan rashin adalci a wurin aiki.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Wadda ake ci wa zali ta riƙa rubuta rana da wuri da abin da ya faru da waɗanda suka gani, sa'an nan ta kai kuka a rubuce ga shugabar sashen jinya ko wakilin ƙungiyarsu. Wanda ya gani da idonsa kada ya yi shiru, domin shiru yana ƙara wa azzalumi ƙarfi. Shugabannin asibiti su raba aikin dare da adalci, su binciki kowane kuka cikin sirri, su kuma tabbatar ba a rama a kan mai kuka ba.

Manyan nas-nas, maza da mata, su tuna cewa ƙanana daga gare su suke koyon halin aiki. Yadda aka riƙe su yau, haka za su riƙe na bayansu gobe.